Dinyoyi Biyar a Hunturun Minesota

26 ga Oktoba

Daren jiya ruwan bahon dinyoyi ya yi fatar ƙanƙara karon farko a bana, siririya, da yatsa na fasa ta. Daga yau zan riƙa rubuta abin da nake yi musu har sanyi ya wuce, in samu abin dubawa baɗi, kuma wataƙila wani ɗan'uwa da ke zaune a ƙasar sanyi yana sha'awar kiwonsu ya amfana.

Muna zaune a wajen garin Rochester, kudu maso gabashin jihar Minesota a Amurka, a ɗan filin da doka ta yarda a ajiye tsuntsaye. Dinyoyin biyar ne. Uku farare ne tas, irin Embden, waɗanda asalinsu arewacin Jamus ne: toro guda da yara suka sa wa suna Barde, da mata biyu, Ladi da Talatu. Sauran biyun irin na ƙasar Sin ne, masu ruwan ƙasa, dogon wuya, da baƙin ƙululu a gindin baki. Namijin shi ne Sanƙira, don ko ganye ne ya motsa sai ya sanar da unguwa. Matarsa Kande.

Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya daɗe yana noman masara da kiwon tsuntsaye a nan, ya leƙo ta shinge ya same ni ina auna bango. Ya ce kada in ɓata kuɗina wajen neman ɗumama su. A cewarsa, duk dinyar da ya taɓa rasawa da hunturu, ko dai wani abu ne ya shiga ɗakinta da dare, ko ta kwana a jiƙaƙƙen wuri, ko ruwanta ya daskare ba a lura ba. A kan wannan magana zan tsara aikin.

2 ga Nuwamba

Yau aikin ɗaki na yi. Tsohon ɗakin ajiyar itace ne, na katako, ƙafa 8 da ƙafa 10, an ɗan ɗaga shi daga ƙasa. Ya ishe su juyawa da miƙe fuka-fuki ba tare da sun tattake juna ba.

Da rana tsaka na shiga na ja ƙofa, duk inda na ga haske na shigowa daga ƙasa ko jikin bango na yi masa alama da alli. Wayar kajin da ke taga na ɓamɓare ta gaba ɗaya. Wannan waya kaji take hanawa fita, ba ta hana kowa shiga. Rakun, dabbar nan mai baƙin zobe a ido, da hannu yake yaga ta. Na maye gurbinta da raga mai kauri mai ido rabin inci, na ɗaure da sukurori masu faɗin kai. A waje kuma na shimfiɗa ragar a ƙasa kewaye da ɗakin, faɗin ƙafa biyu, na danne da duwatsu saboda masu tono. Dabba a gindin bango take fara tono, in ta ci karo da ƙarfe sai ta haƙura. Dole a gama wannan yanzu, domin nan da 'yan makonni ƙasa za ta daskare, ko diga ba zai shige ta ba.

Ƙofa ta samu sakata biyu, ta biyun mai ƙugiya ce da sai an danna take buɗewa. Rakun yana da yatsu, sakata mai sauƙi ba ta gagararsa.

Tagogin sama, can ƙarƙashin rufi ta gabas da kudu, na bar su a buɗe, raga kawai ke jikinsu. Iskar hunturu a nan daga arewa maso yamma take kaɗawa, wancan ɓangaren na toshe ruf. Ina son iska ta wuce ta saman kawunansu ta kwashe tururin numfashi da warin kashi, ba ta bi ta ƙasa inda suke kwance ba.

15 ga Nuwamba

Na cire tiyo daga famfon waje, na tsiyaye shi na naɗe, na rufe famfon daga cikin gida kada bututu ya fashe. Daga yau duk ɗigon da dinyoyi za su sha da hannu za a kai musu.

A nan ne kiwon dinya ya rabu da kiwon kaza. Kaza in ta samu abin tsoma baki ya wadatar. Dinya sai ta nutsa kanta gaba ɗaya har wuya, ta fesar da ruwa ta hanci ta wanke kafofinsa, ta wanke idanu. In ta kwana biyu ba ta samu haka ba, za ka ga ido ya fara kumfa yana liƙewa, hanci ya toshe da garin abinci. Kuma ba ta cin busasshen abinci ba tare da ruwa kusa ba: ta cika baki, ta ruga ta kora, ta dawo. A ba ta hatsi a hana ta ruwa, tana iya shaƙewa. Mutane sukan ce ai ga dusar ƙanƙara ko'ina, su ci mana. Suna ci, amma ba ta wanke hanci, kuma da zafin jikinsu suke narkar da ita.

Na sayo bokiti mai na'urar ɗumamawa a gindinsa, yana cin lita 19. Ba ya sa ruwa zafi, hana shi daskarewa kawai yake yi, yana kunna kansa in sanyi ya kusa kai wa sifili. Matsalarsa igiyar wuta. Dinya ba ta ganin igiya ta ƙyale, kuma gefen bakinta zarto-zarto ne, da shi take yankar ciyawa. Na jingina bokitin da shinge, na zura igiyar cikin bututun roba mai tauri, ta fita ta baya inda baki ba ya kaiwa. Soket ɗin irin mai yanke wuta da kansa ne da zarar ta fara zurarewa. Kusa da ruwa ba a wasa da wannan. Bokitin na zaunar da shi cikin tsohuwar taya don kada su kifar, na gicciya katako a bakinsa don kada Kande ta shige ciki, domin ita ko kwano ta gani sai ta gwada wanka.

Ban dogara da lantarki kaɗai ba. Akwai baƙaƙen bahon roba guda biyu masu laushi, waɗanda in ruwa ya daskare a ciki sai ka kifa ka taka, ƙanƙarar ta fito. Na roba mai tauri tsagewa yake yi a sanyin farko.

24 ga Nuwamba

Ciyawa ta ƙare. Dinya makiyayiya ce, rabin ranta a ciyawa yake, don haka yanzu sai in tsaya mata. Kowace tana samun kusan giram 200 a rana na abincin tsuntsayen ruwa da alkama. Alkamar a ƙasan bahon ruwa nake zuba ta, su nutsa kai su tsinto. Gwarare da ɓeraye ba sa samu, su kuma sun wanke fuska a hanya. Na rataye musu ingirici mai laushi cikin raga, da kan kabeji a igiya. Ga kwanon tsakuwa a gefe, tunda ƙasa ta rufe, ƙundu kuwa ba ya niƙa sai da ita.

Abincin kaji masu ƙwai ba na ba su. Sinadarin ƙashin da ke cikinsa ya yi wa maza yawa, yana taɓa ƙoda.

6 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta sauka sosai, ta zauna. Na share musu fili a gaban ɗaki da hanya zuwa wurin ruwa, na barbaza karan alkama.

Da hantsi garken dinyoyin daji na Kanada suka wuce ta samanmu, layi-layi suna kuka, nawa suka miƙe wuya suna amsa musu. Rochester garinsu ne. A tsakiyar gari akwai tafkin Silver Lake a kan kogin Zumbro, wanda ruwan ɗumi daga tashar lantarki ya daɗe yana hana shi daskarewa, har dubban dinyoyi suka mayar da shi masaukin hunturu. A can ne a 1962 wani masanin tsuntsaye, Harold Hanson, ya tabbatar cewa babbar dinyar Kanada, wadda aka ɗauka ta ƙare a duniya, tana nan da ranta. Tashar ta daina zubo ruwan ɗumin, amma har yanzu ana ganin tsuntsayen. Da safe su fita gonakin masarar da aka girbe su yi kala, da yamma su koma bakin ruwa.

Ina son kallonsu a sama, amma ba na son ko ɗaya ta sauka mini. Tsuntsayen ruwa na daji su ne ke yawo da murar tsuntsaye, sau da yawa ba tare da ta nuna a jikinsu ba, kuma ƙwayar cutar takan daɗe a ruwan sanyi da kashi. Minesota ce ta fi kowace jiha kiwon talotalo a Amurka, kuma a 2015 cutar ta ci mata tsuntsaye kimanin miliyan 9. Ta dawo a watan Maris na 2022. Wanda ya ga yadda aka riƙa haƙa rami ana binne kaji a Kaduna da Kano a 2006 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Saboda haka na mayar da abinci da ruwa ƙarƙashin ɗan rufin kwano, inda kashin mai wucewa ba zai faɗa ba. Akwai takalmin roba guda da ba ya fita daga shingen, ba a kuma shiga da wani. Yara suna son zuwa bakin tafki. Na ce su je, amma takalmin da ya taka can ba ya taka nan. Lambar hukumar lafiyar dabbobi ta jiha na manna ta a bayan ƙofar kicin. In na ga wata tana murɗe wuya, tana jiri, ko na tarar da gawa ba dalili, su zan fara kira kafin in taɓa komai.

14 ga Disamba

Na daɗe ina juya maganar ruwan dare. In aka bar musu ruwa a ɗaki, kafin asuba sun watsa shi ko'ina, karan shimfiɗa ya jiƙe, tururi ya cika ɗakin. Jiƙaƙƙen kara yana yin fumfuna, fumfunar kuma tana shiga huhun tsuntsu ta haifar da ciwon da ba a cika warkewa ba. In kuma aka hana su, daren yanzu dogo ne: ana rufe su kafin biyar na yamma, ba a buɗewa sai bakwai da rabi.

Abin da na tsaya a kai: ba ruwa ba abinci a ɗaki. Amma bayan sallar isha nakan koma da bokitin ruwa mai ɗan ɗumi, in ajiye a bakin ƙofa, in tsaya da tocila har kowa ya sha ya wanke fuska, in ɗauke abina. Sun riga sun gane. Da sun ji takuna a kan ƙanƙara sai su fara ƙananan maganganunsu.

Yadda nake gane ko iska na wucewa shi ne in ɗaga tocila in duba kan ƙusoshin rufi. In sun yi farin gashin ƙanƙara, laima ta yi yawa. Shekaranjiya sun ɗan yi, na ƙara buɗe tagar kudu, yau babu. Shimfiɗar kuma ba na kwashe ta duka. Inda ya jiƙe nake ɗebewa, in ƙara busasshe a kai, tana ta kauri.

22 ga Disamba

Yini bai kai awa tara ba. Magariba ƙarfe huɗu da rabi da 'yan mintuna, kuma ita ce agogon rufe ƙofa. Na gaya wa babban ɗana ko ba na gida kada ya jira duhu.

Bokitin lantarki na aikinsa, sai dai ruwan dinya ba ya yini da tsabta. Kafin azahar ya zama kunun laka da alkama. Safe da yamma ake canzawa. Jarkoki nake ɗorawa a kan robar zamiyar yara in ja, ya fi ɗauka sauƙi. Tsohon ruwan can gangare bayan shinge ake zubarwa, don in aka zubar kusa, gobe wurin ya zama santsi. Ƙanƙarar da nake fitarwa daga bahon roba ta fara taruwa a can, dunƙule-dunƙule, irin wadda ake saye da tsada a Kano lokacin zafi, sai dai kowace da ƙwayar alkama da farin gashi a daskare a cikinta.

Wani abokin aiki ya ce in jefa gorar ruwan gishiri a cikin bahon, wai tana hana daskarewa. Gorar ce ba ta daskarewa, ruwan da ke kewaye da ita kuwa yana yi. In kuma ta huje, gishiri ya shiga abin shansu. Na cire ta.

4 ga Janairu

An yi sabuwar dusar ƙanƙara da dare, da safe ta nuna mini duk wanda ya ziyarce mu. Akwai ƙananan sawu bibbiyu, tsalle-tsalle, sun taso daga rafin da ke bayan filin, sun kewaye ɗakin, sun tsaya a kusurwar da bango ya haɗu da daɓe. An yi ɗan yaƙushi a wurin. Ragar ta riƙe. Na kira dattijo ya duba, ya ce minki ne. Wanda ya san tunku zai gane siffarsa: dogo, siriri, sai dai shi mazaunin bakin ruwa ne. Ramin da bai wuce inci ɗaya ba ya ishe shi shiga, a ƙeya yake cizo, kuma in ya shiga ba ya tsayawa a kan guda. Na sake bin ɗakin da tocila. Buhunan abinci kuma na mayar da su cikin durom na ƙarfe mai murfi, domin ɓera ke jawo shi.

Akwai wani abin da sai da na tsaya daga nesa na lura da shi. Iska ta tara dusa a jikin shingen yamma har ta kai rabinsa, ta daskare ta yi tauri. Shingen ƙafa huɗu ya koma ƙafa biyu. Koyoti, karen dajin nan dangin dila da muke jin kukansa da dare, tsallakawa kawai zai yi. Na yini da shebur. Shingen lantarki ma ba abin dogaro ba ne a wannan lokaci, saboda dusa da daskararriyar ƙasa suna hana wutar kama dabbar da ta taɓa.

Ana yawan cewa dinya mai gadi ce, har wasu suna sayenta don ta tsare kaji. Ihu ta iya, kuma ihun yana da amfani. Amma Barde da duk kilo 11 ɗinsa ba zai yi minti ɗaya a gaban koyoti ba. Babbar mujiya mai kunnuwa ma ta fara kuka a itatuwan bakin rafi, lokacin sheƙarta ya matso, kuma tana kashe tsuntsun da ya fi ta nauyi. Ƙofar ce mai gadi.

18 ga Janairu

Sanyin da ake jira ya zo. Da asuba ma'aunin jikin shinge ya nuna digiri 27 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, ga iska. Gashin hanci yana daskarewa tun numfashin farko. Safar hannuna ta jiƙe kaɗan, nan take ta manne da hannun bokiti.

Uwargida ta tsaya a taga tana kallon ɗakinsu tun daren jiya. Ta ce, "Abban yara, don Allah a sa musu fitilar ɗumin nan ko na kwana biyu ne. Bayin Allah ne fa." Na fahimce ta sarai, ni ma zuciyata ta raya mini haka. Amma fitilar wat 250 ce, a rataye a kan busasshen kara, cikin ɗakin katako, tare da tsuntsayen da in suka buɗe fuka-fuki suna kaiwa ko'ina. Kowace shekara ana jin labarin ɗakin kaji da ya ƙone ƙurmus ta wannan hanya. Kuma tsuntsun da aka saba wa ɗumi, ranar da wuta ta ɗauke shi ne zai fi shan wuya. Na ce ta sa riga ta zo ta gani.

Na kama Ladi na riƙe, na ce ta cire safa ta cusa hannu ƙarƙashin gashin ƙirjinta. Na waje sanyi ƙalau, mai santsi. Yatsu suna wucewa sai suka nutse cikin lallausan gashin ciki, can ƙasa kuwa ɗumi sosai, don jikin dinya yana kai digiri 40 da ɗoriya. Ta daɗe ba ta zare hannun ba. Ta ce, "Ikon Allah."

Ƙafafu ne abin kula. An halitta musu dabara: jijiyar da ke kai jini ƙasa da wadda ke dawo da shi suna manne da juna, mai sauka yana ba mai hawa zafinsa, sai tafin ya zauna da sanyi ba tare da ya zuƙe ɗumin jiki ba. Duk da haka akwai iyaka. A irin wannan rana suna yin taku kaɗan su zauna, su janye ƙafafu cikin gashin ciki, su cusa baki a bayan fiffike. Wannan ba alamar ciwo ba ce. Wadda aka kawo abinci ba ta tashi ba, ita ce abin tsoro.

Na ƙara musu shimfiɗa har gwiwa, ban buɗe su ba sai da rana ta ɗaga, na zuba kara mai kauri a kudancin ɗakin inda iska ba ta kaiwa. Da yamma na ƙara ɓarzajjiyar masara. Dattijo ya ce a ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili a nan, nasa kuma suka fita lafiya da kara da ruwa kawai.

20 ga Janairu

Ƙululun Sanƙira ya yi tabo ruwan lemo a sama, inda da baƙi ne. Sanyi ya ɗan ci wurin. Irin na Sin nan ne rauninsu, naman ba gashi. Ba kumburi, ba ƙuraje, yana cin abincinsa. Ban murza ba, ban sa ruwan zafi ba. Shi da Kande sun yini a ciki, ruwansu a bakin ƙofa. Likitan dabbobi ya ga hoton, ya ce in bar shi, launin yakan dawo a hankali.

29 ga Janairu

Digiri 3 sama da sifili, rana ta fito, rufi na ɗiga. Ranar wanka.

Tun sha ɗaya na cika babban baho. Barde ne ya fara shiga, kamar kullum. Ya nutsa kai ya ɗago, ruwa ya gangara ta bayansa dunƙule-dunƙule bai jiƙa komai ba, ya sake, ya sake, sannan ya kifa gefe guda yana dukan ruwa da fiffike har rabin bahon ya zube. Da ya fito ya miƙe a kan yatsu ya buɗe fuka-fukai ya kaɗa, sai ya koma gefe ya fara aikin da ya fi wankan muhimmanci. A gindin wutsiya akwai wata 'yar jaka mai fitar da mai. Yana murza baki da kai a wurin, ya bi gashinsa ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana jerawa. Gashin da ya yi datti ba ya jeruwa, wanda bai jeru ba kuwa ruwa da iska suna ratsa shi. Shi ya sa ko a tsakiyar hunturu wanka ba gata ba ne a wurinsu.

Sai da na sake cika bahon kafin matan su samu. Ƙarfe ɗaya na zubar da shi, don su bushe sarai kafin magariba. Jiƙaƙƙiyar dinya in ta kwanta a kan ƙanƙara da dare, gashin cikinta na iya mannewa.

8 ga Fabrairu

Abin da ya narke ya sake daskarewa, filin ya zama gilashi. Talatu ta zame, tana ɗingishi da ƙafar hagu. Na duba tafin, ba rauni ba kumburi. Na keɓe ta a kusurwar ɗaki da nata ruwan, inda take ganin sauran. Filin kuma yashi na watsa masa. Gishirin narkar da ƙanƙara da ake zubawa a hanya ba ya shiga shingen nan; yana ƙona tafin ƙafa, kuma za su tsince shi su haɗiye.

17 ga Fabrairu

Talatu ta warke. Amma zaman lafiyar ɗakin ya ƙare. Yini ya fara tsawo, jikinsu ya ji, lokacin barbara ya shigo. Jiya na tarar Barde ya cafki wuyan Sanƙira yana dukansa da gwiwar fiffike, gashi ko'ina. Da safe ya tsare bokitin ruwa, Sanƙira da Kande suna tsaye daga nesa suna kallo. Wannan ma hanya ce da tsuntsu ke kwana da ƙishirwa ruwa na gabansa.

Na raba ɗakin biyu da raga, filin ma haka, kowane gida da ruwansa. Bokitin lantarki ɗaya ne, na bar wa na Sin, farare suka koma bahon roba. Aikin ɗibar ruwa ya ninku. Ƙaramar 'yata ta ce, "Abba, Barde ya yi mini huci ya biyo ni." Na ce ta daina shiga sai tare da ni har a gama ƙwai, kuma in ya taso kada ta juya masa baya.

27 ga Fabrairu

Kande ta fara ƙwai. Na farkon na same shi a binne cikin kara, ya daskare ya tsage daga sama har ƙasa. Na Sin sun fi saurin farawa kuma sun fi yawan yi. Yanzu ana duba sheƙa da sassafe da kuma hantsi. Na ajiye musu kwanon ɓawon kawa a gefe, mata su ɗiba in suna so.

12 ga Maris

Narkewa ta zo gadan-gadan. Ƙasa ta sama ta saki, ta ƙasa tana daskare, ruwa ba shi da wurin shiga, filin ya zama taɓo. Na yanka ƙaramar kwata zuwa gangare, na shimfiɗa katakai a bakin ƙofa. Shimfiɗar hunturu na fara kwashewa zuwa wurin taki, ƙasanta har tururi take.

Da dusa ta janye sai ga abin da ta rufe: guntayen waya, sukurori biyu, ƙusa. Dinya tana haɗiye duk abin da ke ƙyalli, ƙarfe kuma yana huda ƙundu ko ya sa mata guba. Na bi filin da maganaɗisu a igiya, taku-taku.

Dinyoyin daji da agwagi sun fara komawa arewa, suna sauka a duk kududdufin da ya taru a gona. Wannan ne lokacin da na fi tsoron mura. Nawa suna ta leƙen kududdufin da ke bayan shinge, ba za su je ba. Rakun ma ya fito daga kwanciyar sanyi, na ga sawunsa a taɓo.

25 ga Maris

Ladi ta fige gashin ƙirjinta ta jera a sheƙa, tun jiya ba ta tashi ba. Ƙwai tara ne a ƙarƙashinta, kowanne ya kusa uku na kaza. In Allah ya yarda, kwana 30 ke nan, wajen 24 ga Afrilu. Barde na tsaye a bakin ragar ba ya matsawa.

Na sa mata abinci da ruwa inda sai ta tashi za ta kai, domin mai kwanci in ba a kula ba takan manta da cikinta. Bahon wanka ma yana nan kullum da rana. In ta koma da ɗan jiƙaƙƙen gashi, laimar tana taimakon ƙwan. Ƙululun Sanƙira ya fara komawa baƙi daga gefe.

Bokitin lantarki zai ci gaba da zama a jone, dare yana daskarewa har cikin Afrilu. Na yi magana da mai haƙa kan famfon da ba ya daskarewa, irin wanda makullin ruwansa ke can ƙarƙashin ƙasa, in ka rufe sai ruwan da ya rage a bututu ya tsiyaye ƙasa. A nan ƙasa kan daskare zurfin mita ɗaya ko fiye, shi ya sa za a binne bututun mita biyu da wani abu. Ya ce sai cikin Mayu, in ƙasa ta gama saki. Na auna daga bangon gida zuwa shingen, ƙafa 90 ne, kuma na zaɓi kusurwar kudu, inda ruwan da ya zuba zai gangara waje maimakon ya kwanta a bakin ƙofarsu.